Injiniya Ɗantala da Ruwan Wankan Jego

A unguwar Magajiya ta garin Suleja, a shekarun da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta tare a Abuja, an yi wani ɗan haya mai suna Ɗantala. Bazazzagi ne, masinja a wata ma'aikata, kullum da sassafe yana cikin masu kokawar shiga bas. Aikinsa bai wuce kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan ba. To, sai Allah ya ƙaddara lokacin da ake ja wa ofishinsu wayar lantarki, masu aikin suka rasa mai riƙe musu tsani, aka ce Ɗantala ya riƙe. Kwana tara ya yi yana rungume da ƙafar tsani yana kallon sama. Ranar da aka gama ya tsinci wata tsohuwar testa da suka yar, irin wadda ake taɓa waya da ita a ga ko da wuta, ya soke ta a aljihun gaba kusa da biro, ya dawo Suleja yana Injiniya.

Ba wanda ya ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa. Mutanen unguwa kuwa suka karɓa hannu bibbiyu, don sun kwana biyu ba su sami abin dariya ba.

Matarsa Fiddausi tana da cikin fari, ya shiga wata takwas, sai ga saƙo daga Zariya ta bakin wani direba. Surukar Ɗantala, Hajiya Daso, ta ce a gaya wa mai gidan, da an yi suna za ta tafi da 'yarta wankan jego, yadda aka saba: ruwa tafasasshe safe da yamma, kwana arba'in, a gaban uwa.

Maganar ta tsaya wa Ɗantala a rai. Duk cika bakinsa, mutum ne da ba ya iya cin tuwo shi kaɗai, kuma yana son matarsa so na gaskiya. Ya kuma san irin arba'in ɗin da ake yi a gidan iyaye. Wani abokin aikinsa an tafi da tasa matar da sunan kwana arba'in, sai da yaro ya fara rarrafe aka dawo masa da ita. Saboda haka ya aika da amsa cewa Fiddausi a ɗakinta za ta yi wanka, da ruwan da lantarki ya tafasa, ba hayaƙi ba toka, domin ba a gidan kowa aka aurar da ita ba.

Bayan kwana huɗu direba ya dawo da jawabi, gajere. Hajiya ta ce madalla. Ranar suna za ta tsoma hannunta a ruwan. In ya ƙona ta, ta bar 'yarta. In bai ƙona ta ba, motar da ta kawo ta akwai wuri a baya.

Washegari Ɗantala ya ciro kalandar bara daga bango, ya juya bayanta, ya zana kicin ɗinsa na zamani da jan biro. Ya ɗauko ya shimfiɗa a zaure gaban Malam Datti, mai gidan da yake haya, wani dattijon tela da idonsa ya gaji da allura amma bakinsa bai gaji da komai ba.

"Baba, duba nan," in ji Ɗantala. "Ka san ita wuta baƙuwa ce. Baƙo na kirki kuwa ba ya tsallake katanga. Ta zaure zai shigo ya yi sallama. Saboda haka daga fitilar zauren nan zan ɗauke ta, ta bi soro, ta ratsa tsakar gida, ta shiga kicin."

Malam Datti ya kawo takardar kusa da hancinsa. "To, in ta shiga, wa za ta fara gaisarwa?"

"Firji, shi ne babba. Daga nan ta gai da rishon lantarki. Sannan ta wuce wurin hita guda huɗu, duk a cikin duro ɗaya na ruwan wanka."

"Duk a kan waya ɗaya?"

"Baba, uwa ɗaya ba ta shayar da 'ya'ya shida?"

"Tana yi," in ji Malam Datti. "Amma ba rana ɗaya ba."

Ɗantala ya naɗe takardarsa yana murmushin tausayi. Ai ba laifin tsohon ba ne, bai taɓa shiga Abuja ya ga yadda ake aiki ba.

Daga nan ya nufi shagon Onwuka a bakin kasuwa. Onwuka ya shekara ashirin a Suleja yana sayar da kayan wuta yana kuma haɗa su, rabin gidajen Magajiya aikinsa ne. Ya karɓi zanen, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Oga Injiniya, wannan kicin ne ko gidan gizo-gizo?"

"Karanta dai, in ka iya."

"Na karanta. Ba zai yi ba." Onwuka ya ɗora yatsa a kan takardar. "Kicin ba daga fitila ake ɗauko masa wuta ba, daga mita ake ɗaukowa. Hita a ba ta layinta ita kaɗai, da waya mai kauri, da fis nata. Risho ma layinsa daban. Firji shi ma daban, don in ɗaya ya lalace kada ya kashe sauran. Soket kuma a ɗaga shi sama, nesa da ruwa. Kai ka sa shi a gindin duro."

"Don kada wuta ta gaji da hawa."

Onwuka ya dube shi, ya shiga ciki ya fito da waya mai kaurin ɗan yatsa. Ɗantala ya ture ta, ya nuna wata siririya da ake haɗa fitilar gefen gado da ita.

"Waccan za ka auno min. Kai ba ka shiga bas ɗin Abuja da safe, shi ya sa. Wa ya fi saurin kutsawa, mai teɓa ko siriri?"

"Oga, wuta ba bas take shiga ba. Wannan wayar za ta yi zafi ta narke."

"Zafin ai shi ake nema."

Onwuka ya ɗauko wata koriyar waya ya ce to ko wannan ya haɗa da ita, ita ce ta ƙasa. A ɗaura ta a jikin duro da jikin firji, a kai ɗaya bakin ga ƙarfe a binne, in wuta ta ɓalle sai ta bi nan maimakon ta bi jikin mutum.

Ɗantala ya yi dariya har da riƙe ciki. "A turo wuta tun daga madatsar Shiroro, ta sha wannan doguwar tafiya, ni kuma in kama ta in zuba wa ƙasa? Ƙasa ce ta haihu?"

"Shi ke nan," in ji Onwuka, yana naɗe masa siririyar waya. "Amma ka ajiye bokitin yashi kusa. Wannan shawarar kyauta ce."

Ranar Asabar aka fara aiki. Abu na farko da Injiniya ya yi shi ne rushe murhu. Ya kwashe duwatsun ya watsar a bayan gida, guntun itacen da ya rage ya bayar sadaka. Fiddausi tana zaune a kan tabarma da ciki a gaba, tana kallonsa.

"Injiniya, ka bar min ko duwatsun nan uku a bayan ƙofa mana, saboda ko-ta-kwana."

"Kin taɓa ganin jirgin sama ya ɗauko jaki saboda ko-ta-kwana?"

"Ban gani ba. Amma na ga mota da safaya."

Ya haye benci da ƙusoshi a baki. Kafin la'asar waya ta bi saman zaure, ta ratsa tsakar gida a kan igiyar shanya, ta shige kicin ta taga. Duk inda ta gaza ya ƙulla mata wata ya naɗe da baƙin salatif. Da ya gama ya tara mutanen gida, ya je zaure ya danna makunni. Fitilar zaure ta kama, firji ya yi gurnani a kicin. Ɗantala ya tura hula gaban goshi, ya ce wa Malam Datti ya ji muryar zamani.

Ranar Litinin ya tafi aiki. Da ya dawo da yamma, tun daga ƙofar gida wari ya tarbe shi. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya malale kicin, naman miyar mako ya kumbura. Ashe tunda daga bayan makunnin zaure ya ɗauko wayarsa, in an kashe fitilar zaure an kashe kicin gaba ɗaya. Malam Datti kuwa tun ranar da aka fara kawo lantarki gidan yake kashe fitilar nan da gari ya waye.

"Baba, kai ka kashe?"

"Hannuna ne. Shi ke yi, ba ya shawara da ni."

"To daga yau a bar ta a kunne."

"Da rana tsaka?"

"Haka ake yi a Abuja."

Ya manne makunnin da salatif. Daga ranar fitilar zauren Malam Datti ta shiga ci da rana tsaka, tana gasa da hasken Allah. Masu wucewa sai su leƙo su yi sallama, su tambaya ko allura ce ta faɗi ake nema. Malam Datti ya ce a'a, firji ne ke jin tsoron duhu.

Sai aka zo kan hita. Ɗantala ya cika duron ƙarfe da ruwa, ya rataya hita ɗaya a ciki, ya kunna. Lafiya. Ya ƙara ta biyu, sai aka ji ɗas a wajen mita, gidan ya yi tsit, har fankar Malam Datti ta tsaya. Fis ya tsinke. Ya sa masa sabon zare, ya tsinke. Ya ninka zaren biyu, ya tsinke. Malam Datti ya ce shi dai a saninsa, abin nan an yi shi ne don ya mutu a madadin gida.

"Ragwanci ne kawai, Baba. Masinja ma in ya cika suma a kan aiki canza shi ake yi."

Ya nemo ƙusa 'yar inci uku ya cusa a gurbin fis ɗin. Ƙusa ba ta san suma ba. Hita biyu suka kama, ruwa ya fara 'yan ƙananan kumfa, waya ta yi ɗumi. Ɗantala ya taɓa ta, ya ce alamar lafiya ce, jikin mai rai ai da ɗumi. Bayan minti biyar ya kashe, ya ce gwaji ya yi kyau, ba sai an wahalar da sauran biyun ba. Masu iya magana suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to na Ɗantala har da kwaɗo.

Kwana biyu bayan haka Hajjo, matar Malam Datti, ta shiga kicin ɗin aron ludayi, hita ɗaya tana ci. Ta dafa bakin duro don ta sunkuya. Sai aka ji salati, aka ga Hajjo ta fito da baya da baya, ɗankwali a hannu, ta zauna daɓas a tsakar gida.

"Abin nan ya ja ni," ta ce, tana yarfe hannu. "Tun daga yatsa har ƙeya."

Ɗantala ya zaro testa ya taɓa duron, 'yar fitilar cikinta ta kama ja. Fuskarsa ta washe. "Kin gani, Inna? Wutar ta yi yawa ne har ta tumbatsa. Wasu suna neman ta ido rufe, mu tamu har zuba take yi."

"To ka kwashe ta ka kai musu."

Maganin da ya kawo shi ne silifas. Ya ajiye na roba ƙafa biyu a ƙofar kicin, ya kafa doka cewa ba mai shiga sai da su, kuma ba mai taɓa ƙarfe sai da tsumma. Hajjo ta ce ita ta shekara arba'in tana girki, ba ta taɓa ganin kicin da ake shiga kamar banɗaki ba. Ragon suna ma da aka ɗaure kusa da taga bai tsira ba. Ya miƙa wuya ya lashi gefen duro sau ɗaya, daga ranar ko dusa aka ajiye masa ta wannan ɓangaren sai ya juya mata baya.

Ana cikin haka Fiddausi ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Ɗantala ya yi murna har da ƙwalla, ya riƙa leƙa fuskar jaririyar yana cewa goshinta na masu ilmi ne. Amma da ya ce a fara wanka da ruwan duro, ungozoma ta ce ita ba ta shirya mutuwa ba. Saboda haka duk kwana shidan nan a murhun Hajjo aka tafasa ruwa, da itacen Hajjo. Ɗantala ya bi unguwa yana bayani cewa da gangan ne, ba a buɗe babban aiki sai manyan baƙi sun zo.

Jajibirin suna da la'asar Hajiya Daso ta iso da tawagarta. Doguwar mace ce marar yawan magana, kuma ta riƙe kunyar surukuta yadda ta gada: ba ta kiran sunan mijin 'yarta, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ta leƙa kicin, ta ga waya a kan igiyar shanya, ta ga silifas, ta juya wajen Hajjo.

"Wannan shi ne wurin?"

"Shi ne, Hajiya."

"A gaya wa mai gidan, gobe da an shafa fatiha zan tsoma hannu."

Da asuba Ɗantala ya cika duro har baki, ya zuba ganyen darbejiya, ya kunna hita biyu don ruwa ya hau a hankali. Sauran biyun ya bar su sai Hajiya ta zo, a yi abin a gabanta. Da ya fito share zaure sai ya ga baƙin salatif ɗin nan ya ɓata wa wuri kwalliya, ga baƙi za su cika. Ya ɓamɓare shi, ya rubuta KADA A TAƁA da manyan baƙaƙe a farar takarda, ya liƙa a saman makunnin. Sannan ya jona lasifikar da ya aro don Liman a jikin wayar tasa, ya tafi karɓo goro.

Gari ya waye. Malam Datti ya dawo daga masallaci yana jan carbi, hannunsa ya yi abin da ya saba.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi zaure ya cika, tabarmi sun kai har titi. Ga mutanen unguwa, ga abokan aiki daga Abuja, ga dangin Fiddausi na Zariya, har Onwuka ya zo taya murna ya tsaya daga gefe. Ɗantala cikin babbar riga, testa a aljihu, ya ɗan zame ya shiga ciki don ya ji daɗin ganin tururi. Ba tururi. Ya naɗe hannu da tsumma ya taɓa duro, sanyi ƙalau. Ya fito da sauri ya ɗaga kai, fitilar zaure a mace.

"Baba," ya ce da raɗa, "ba ka ga takarda ba?"

"Na gan ta. Kyakkyawa."

"An rubuta kada a taɓa."

"Da boko? Ai da ka sa da ajami da na karanta."

Liman ya riga ya gyara zama, fatiha ba za ta wuce rubu'in awa ba, ruwa kuwa duro guda. Ɗantala ya danna makunni, ya ruga kicin, ya kunna hita huɗu gaba ɗaya. Ya ga bai isa ba, ya jawo rishon lantarki ya tura shi gindin duron da ƙafa, ya murɗa shi har ƙarshe. Firji ma da ya ji wuta ta dawo ya tashi da nasa gurnanin. Ɗantala ya dawo zaure ya zauna kusa da Liman, ya miƙa masa makirfo, yana share gumi da hannun riga.

Liman ya yi bismilla, lasifika ta ɗauka har bakin titi. Ya sanar da cewa an raɗa wa yarinya suna Hamdiyya, jama'a suka ce Allah ya raya. Ya ɗaga hannu ya shiga addu'a. A amin ta uku wani dattijo daga Zariya ya shaƙi iska, ya karkato wajen na kusa da shi.

"An fara babbakar kan rago ne tun ba a yanka ba?"

Fitilar zaure ta koma ja kamar garwashi. Wayar da ta bi saman kawunan mutane ta fara laushi tana lanƙwasowa. Wani baƙin ɗigo ya sauka a kan farantin goro, wani ya sauka a kan hular Alhaji Gambo, shugaban sashen su Ɗantala a ofis, wanda aka ba wuri mafi kyau a gindin bango. Alhaji Gambo ya cire hular ya duba, ya ɗaga kai.

"Ɗantala, rufin nan naka yana zubar da kwalta."

"Gumi ne, ranka ya daɗe. Waya in tana aiki takan yi gumi."

Bai rufe baki ba wuta ta kama salatif ɗin da ke kan wani ƙulli, ta bi waya da gudu ta nufi cikin gida. Lasifika ta yi wani kuka ta mutu. A wajen mita aka ji ƙara kamar an fasa taya, tartsatsi ya tashi, can a kan falwayar titi ma wani ya amsa. Rediyon mai shayi ya yi shiru, injin niƙan maƙwabta ya tsaya, layin gaba ɗaya ya mutu.

Zaure ya watse. Liman ya ƙarasa addu'arsa a tsakiyar titi, takalmi ƙafa ɗaya. Alhaji Gambo ya fita ta ƙarƙashin hammatar wani. A cikin gida wayar da ke kan igiyar shanya ta cinye igiyar, zannuwan mai jego suka zubo ƙasa, mata suka yi waje da jaririya. Rago ya ga abin da ya daɗe yana zargi ya tabbata, ya tsinke igiya ya bi ta zaure, ya ture farantin goro, ya miƙe hanyar Maje. Mutum biyar suka bi shi da manyan riguna.

Onwuka ne kaɗai bai yi gudu ba. Ya sami busasshen katako ya ɓalle kan mita, ya ɗebi yashi a gindin katanga da farantin goron ya watsa wa inda ke ci. Da hayaƙi ya lafa ya sa filaya ya zaro wata baƙar aba daga gurbin fis, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Oga Injiniya, wannan fis ɗin wace ƙasa ce ta yi shi?"

"Ƙusa ce," in ji Malam Datti. "Ba ta suma."

Ɗantala ya gyara wuyan riga, ya ce wa jama'a kada kowa ya damu, wutar ce aka turo da ƙarfi fiye da ƙima, kuma irin wannan ko a Abuja yana faruwa. Alhaji Gambo ya ce shi shekararsa uku a Abuja, hularsa ba ta taɓa narkewa ba.

Sai ga saƙo daga cikin gida, Hajiya tana kira. Ya shiga ya durƙusa a bakin kicin, kansa a ƙasa. Mata sun yi da'ira. Hajiya Daso ta tambayi Hajjo ko an tabbata abin ya mutu, aka ce ya mutu murus. Duk da haka sai da ta zura silifas ɗin. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannu a duro har gwiwar hannu, ta bar shi a ciki, ta daɗe. Ta fitar ta yarfe.

"Hajjo, a tambayi mai gidan, wannan na wanka ne ko na sha?"

"Hajiya, ai da an ƙara minti goma," in ji Ɗantala, yana magana da ƙasa.

"A gaya masa ko kaza aka tsoma a nan ba za ta figu ba. A kuma gaya masa da an ƙara minti goman, da gidan ne zai tafasa, ba ruwan ba." Ta cire silifas ta jera su yadda ta same su. "A haɗa kaya."

An kamo rago wajen azahar, aka yanka, aka soya a murhun Hajjo. Kafin la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida, an ɗaure akwati a sama. Fiddausi ta fito a lulluɓe, Hamdiyya a hannun wata gwaggo. Ɗantala ya matso jikin taga, duk bakin nan ya mutu.

"Kwana talatin da uku ne suka rage," ya ce. "Na ƙirga."

Fiddausi ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Ni ma na so zama, wallahi. Ruwan zafi kawai Hajiya ta ce, ba ta ce na lantarki ba. Da ka sayo itace amalanke biyu, da yanzu ina ɗakina."

Daga gaban mota Hajiya ta ce wa direba a gaya wa mai gidan ba a ƙirga wa mai jego kwana, sai ta yi ƙwari. Mota ta tashi. Ɗantala ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana ta ɗauki hanyar Diko, baƙin ciki ya cika masa ciki, don ya san ba wanda ya kore su sai shi.

Ya koma ciki. Ɗaki ba kowa, sai ƙamshin turaren jego da 'yar hular jaririya da aka manta a kan gado. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba, kansa na sarawa, ya ji ba abin da yake so sai shayi. Ya shiga kicin da kofi a hannu. Ga hita huɗu, ga risho, ga firji, ga duro cike da ruwa, ba abin da zai ɗumama masa ko cokali ɗaya.

Sannan ya ratsa tsakar gida, ya tsallake tokar wayarsa, ya yi sallama a ƙofar Hajjo da murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, ko da ɗan ruwan zafi?"

Hajjo ta karɓi kofin. Ta kamfato daga tukunyar da ke kan murhu, ta naɗe kofin da bakin zaninta, ta miƙo masa.

"Riƙe da kyau, Injiniya," ta ce. "Da zafi. Na itace ne."